Shafin Da Ban Juya Ba

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni malami ne a wata babbar makaranta a Dutse, ina koyar da darasin addinin Musulunci, kuma ban daɗe da karɓo digirin dakta ba. Ɗan gidan malamai ne ni daga Jahun. A zauren mahaifina na yi rarrafe, a nan na haddace Alƙur'ani, a nan na zauna cikin manyan ɗalibai ana karatun fiƙihu kafin boko ya ɗauke ni. Baki kam Allah ya ba ni, in na fara magana sai an roƙe ni nake tsayawa, ga saurin hawa kamar farashin rago ana gobe Sallah. Wani gidan rediyo ya ba ni fili kowane mako ina amsa tambayoyin addini, a ƙarshen shirin kuma ina yin abin da na raɗa wa suna bitar littafi, wato in ɗauko littafin wani in auna shi a gaban masu sauraro. Nan da nan aka san muryata. In na shiga kasuwa sai ka ji ana ga Dakta na rediyo, masu adaidaita suna ɗago mini hannu. Kaina ya kumbura har hula ta nemi ta yi mini kaɗan. Ba zan ambaci sunan kowa a wannan wasiƙa ba, nawa ma na ɓoye shi, kuma ba tsoro ne ya sa ba, kunya ce.

A ofishin da ke kallon nawa akwai wani dattijo Kirista, Rabaran ne a cocinsu, kuma dakta ne a ilimin tauhidin Kirista, ko da yake tarihi yake koyarwa a makarantar. Bahaushe ne gaba da baya, in yana magana ba za ka raba shi da dattawan Taura ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Malam, ni kuma ina ce masa Baba Rabaran. Ya daɗe a Dutse, a nan aka haifi 'ya'yansa duka, yana haya a unguwarmu, gidansa da nawa titi ne kawai ya raba. Matarsa tana da shagon ɗinki a ƙofar gida, kuma ita ke yi wa yawancin matan unguwa ɗinkin Sallah. Duk Babbar Sallah gidansa cika yake yi da nama, don kowa sai ya aika masa, ni cinya guda nake ware masa. Shi kuma ranar Kirsimeti sai kulolin shinkafa da kaji su zagaya unguwa, kuma Musulmi yake kira ya yanka kajin don kada wani ya ci da shakka.

Wata rana ya shigo ofishina da littafi a hannu, sabo fil, da Turanci, sunansa a bango. Ya ce shekaru ya yi yana rubuta shi. Ya bayyana mini cewa malaman tauhidinsu na wannan zamani, na Turai da na Afirka, suna ta jayayya a kan yadda ya kamata Kirista ya zauna da maƙwabcinsa Musulmi, shi ne ya tattaro maganganunsu ya auna su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi nasa ra'ayin. Ya roƙe ni abu guda. Ya ce a wurare da dama ya taɓo fiƙihunmu, shi kuwa a takarda kawai ya gani, bai zauna gaban malami ba, don haka yana so in karanta a tsanake in nuna masa inda ya yi kuskure, kada in ji nauyinsa ko kaɗan. Na karɓa hannu biyu, na ce masa an gama, mako ɗaya ma ya yi yawa. A zuciyata kuwa wani abu ne ya tokare ni. Ni da nake auna littattafan mutane a rediyo ban rubuta ko ƙasida mai kauri ba, ga wannan dattijo shiru-shiru ya fito da littafi sukutum. Hassada ce, yau na iya kiran sunanta, amma a lokacin kishin addini nake ce mata. Na jefa littafin kujerar baya ta mota, rana ta yi ta dukansa har bangon ya nannaɗe. Duk sanda muka haɗu a baranda ya tambaye ni, sai in ce ina ciki, littafi ne mai zurfi, ba a yi masa gaggawa. Shi kuwa bawan Allah sai ya yi ta murna.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah na tafi gidan rediyo ban shirya komai na bita ba. Na ajiye mota, na waiwaya, sai ga littafin Baba Rabaran. Na ɗauko na buɗe tsakiya, ina wurga ido yadda muke yi wa takardun jarrabawa in mun gaji, sai idona ya faɗa kan kalmar layya. Na tsaya na karanta. Abin da na gani ya sa zuciyata ta tafasa. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa naman layyar Musulmi daidai yake da abin da aka yanka wa gumaka, cewa Kiristan da ya ci ya ƙazantar da kansa, cewa in maƙwabci ya aiko a karɓa da fara'a don kada a ɓata, daga baya a zubar ko a ba kare. Shafi biyu cur ana jero hujjoji. Ban duba abin da ya gabata ba, ban juya shafi na gaba ba. Na ninke gefen takardar na shige ɗakin watsa shiri, kuma wallahi, Edita, a ƙarƙashin fushin nan daɗi nake ji, don na samu abin da zai sa a yi ta maganar shirina. Na karanta wurin da Turanci, na fassara shi da Hausa, na ƙara gishiri. Ban faɗi sunan marubucin ba, amma na ce wani malamin coci ne da yake zaune a cikinmu, yake koyar da 'ya'yanmu, yake cin namanmu kowace shekara yana lashe baki. A gari irin Dutse, da wannan da faɗin suna duk ɗaya ne.

Kafin in isa gida an yanko wurin an saka a waya, yana ta yawo a zaurukan sada zumunta. Aka yi ta kirana ana sa mini albarka, wai na tona asirin munafuki. Matan unguwa suka je shagon matarsa suka kwashe atamfofinsu, wasu an yanka ba a ɗinka ba, haka suka tafi da su a leda. Ranar Sallah ko ƙashi ba wanda ya aika gidansa. Matata ta ware cinyar kamar yadda aka saba, ta tambaye ni ko a miƙa, na daka mata tsawa. Ta dube ni ta ce ita dai shekara da shekaru tana shiga gidan nan, da idonta ta sha ganin matar tana soya naman suna ci da 'ya'yanta, kare kuwa ko ɗaya ba ta taɓa gani a gidan ba. Na ce mata ita me ta sani game da littafi. Bayan Sallah abin ya wuce maganar nama. Matasa suka fara jifan rufin gidan, aka rubuta masa baƙar magana da gawayi a bango, ƙaramar 'yarsa ta daina fita ko ƙofar gida. Mai gidan haya ya aiko cewa ya nemi wani wuri, shi ba zai zauna a ƙona masa gida a kan wani ba. Baba Rabaran ya yi ta kirana a waya ban ɗauka ba. Sau ɗaya ya tare ni a bakin ofis, duk ya faɗa, ya haɗa ni da Allah in gaya masa ko na karanta babin har ƙarshe. Na ce abin da na karanta ya ishe ni, na wuce na bar shi tsaye.

Mahaifina ne ya aiko in zo Jahun, kuma in taho da littafin. Wani ɗalibinsa ne ya kunna masa muryata a waya. Na tafi ina tsammanin yabo, har da tsarabar dabino. Na same shi a zaure bayan la'asar, manyan ɗalibansa zagaye da shi, magidanta masu furfura, kowa da littafinsa a kan cinya. Na durƙusa na kwashi gaisuwa. Bai ja gaisuwar ba ya tambaye ni ko na sauke littafin. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba, bari in yi masa bayani. A zaure ba a cewa an san littafi don an taɓa shi. Ɗalibi yakan fara tun daga bismilla, ya karanto layi malam ya fassara, ya karanto na gaba, haka har ranar da zai kai ƙarshe a ce ya sauke. Kafin wannan rana ba shi da bakin cewa littafin nan ya ce kaza. Na san wannan kamar yunwar cikina. Na fara kame-kame, na ce Allah ya gafarta Malam, ai irin waɗannan littattafan na zamani ba sai an bi su layi-layi ba, akwai hanyoyin nazari da muka koya a jami'a. Ya ce to madalla, shi bai je jami'a ba, kuma ba ya jin Turanci, saboda haka in taimaka masa in zauna nan cikin ɗalibai in fara daga shafin farko, ina karantawa ina fassara masa. Wani daga cikin ɗaliban ya yi ƙarfin hali ya ce a gafarce shi, littafin Nasara ne fa za a karanta a zauren Malam. Malam ya ce mutumin da aka kai ƙararsa gaban gari duka ya cancanci a ji ta bakinsa, ko da a zaure ɗaya ne.

Haka na zauna a kan tabarma, ni Dakta na rediyo, da babbar rigata, ina jan layi da yatsa. Kullum bayan la'asar, in an gama darussan mutane, sai Malam ya ce a kawo na Rabaran. Kwanakin farko ina fassarawa ina taɓe baki. Malam kuwa sauraro yake da gaske. Wani wurin ya girgiza kai ya ce nan mun rabu da su, aƙidarmu daban tasu daban. Wani wurin ya sa in maimaita, ya ce mutumin nan yana da adalci, ba ya ɗora wa abokin jayayyarsa abin da bai faɗa ba. Ni ma, ba da son raina ba, na fara gane yadda aka gina littafin. In zai yi magana a kan wani malamin tauhidi sai ya kawo ra'ayinsa cikakke, da hujjojinsa mafi ƙarfi, kai ka ce shi ne mai ra'ayin, sannan ya dawo ya auna. Tun daga nan na fara zargin abin da na karanta a rediyo. Na ce wa Malam ana nemana a wurin aiki, zan koma Dutse in dawo. Ya ce makaranta tana hutu, ya riga ya tambaya.

Ranar da muka iso babin layya, na hango ninkin da na yi wa takardar tun kafin mu kai wurin. Shafi ɗaya kafin shi akwai wani ɗan sakin layi da ban taɓa gani ba. Marubucin ya ce yanzu zai kawo maganar waɗansu malamai da ya fi saɓa wa a duk littafin, zai kawo ta da bakinsu, ba zai rage mata ƙarfi ba, don kada su ce ya zalunce su. Na fassara wannan, sai na tsaya a nan. Malam ya ce in ci gaba. Na karanta shafukan nan biyu da na karanta wa duniya. Sannan na juya shafin. Kai! Edita, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Jimlar farko cewa take yi wannan magana kuskure ce tun daga tushe. Ya bi hujjojin ɗaya-ɗaya yana warware su daga littafinsu mai tsarki da maganganun malamansu. Ya ce Musulmi ba gunki yake yanka wa ba, sunan Allah yake ambata a kan wuƙa yana tuna Annabi Ibrahim. Ya ce Kiristan da ya karɓi nama da murmushi ya kai bola ya yi ƙarya ga maƙwabcinsa, ya kuma yi ga Ubangijinsa. A ƙarshe ya ba da labarin unguwarsu, bai kama suna ba, ya ce akwai wani matashin malami da yake aiko masa da cinya guda kowace shekara, kuma suna cikin cin wannan cinyar da iyalinsa tunanin rubuta babin ya zo masa. Nan fassara ta gagare ni, na kifa kaina a kan littafin.

Malam bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi ɗalibansa, a littattafanmu in marubuci ya rubuta in aka ce kaza, me ke biyo baya. Suka amsa baki ɗaya cewa sai mu ce kaza ne ke biyowa. Ya ce to, wanda ya shigo zauren nan jiya-jiya ma ya san abin da ya biyo bayan in aka ce ba maganar mai littafi ba ce, ta abokin jayayya ce, ana kawo ta ne don a rushe ta. Ya juyo gare ni ya ce na ɗauki in aka ce na kai wa gari, na bar sai mu ce a cikin mota. Ya ce shaidar zur ba ta canza suna don wanda aka yi wa Kirista ne. Sannan ya faɗi abin da har yau ban manta ba, wai shi ya ɗauka karatu ya koya mini, ashe magana kawai na koya. Bai sallame ni ba sai da na sauke littafin a kwanakin da suka biyo baya.

Na koma Dutse na shiga rediyo na faɗi gaskiya tsagwaronta. Na ce ban karanta littafin ba lokacin da na yi bitarsa, na karanto shafin da na tsallake, na roƙi gafarar marubucin da ta masu sauraro. Na zaci yadda ta farko ta yi yawo haka wannan za ta yi. Ina! Ba wanda ya yanko ta. Waɗanda suka ji ma, wasu cewa suka yi an matsa mini daga sama, wasu suka ce an saye ni. Na bi gida-gida a unguwa, na je wurin mai gidan haya da littafin a hannu. Ya ce shi ya yarda da ni, amma masu jifa ba sa karanta littafi, kuma ya riga ya yi wa wani alkawarin gidan. Limamin unguwa ya yi magana a masallaci, jifa ya tsaya, wasu mata suka mayar da ɗinki. Sai dai an makara. Baba Rabaran ya riga ya ajiye aiki, ya samu gurbi a wata makarantar tauhidi a wata jiha mai nisa. Matarsa ce ta ce ba za ta ci gaba da kwantar da 'ya'yanta a ƙarƙashin rufin da aka jefa ba, kuma ni ban ga laifinta ba.

Ranar da za su tashi na je da safe. Babbar mota tana ƙofar gida ana loda kujeru da katifu, keken ɗinki an ɗaure shi da igiya a can sama. Matarsa, wadda a da ba na wucewa sai ta tsokane ni da cewa ga rediyo ya fito, ta gan ni ta juya ta shige ciki. Baba Rabaran yana tsaye riƙe da agogon bango. Na durƙusa a gabansa a kan titi, mutane suna kallo, na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce in tashi, malami ba ya durƙusawa a titi. Ya ce ya yafe, amma ba zai ɓoye mini ba, abin ya yi masa ciwo, kuma ba jifan ne ya fi ci masa rai ba, ranar Sallah ce, da ƙaramar 'yarsa ta wuni a bayan ƙofa tana jiran sallamar masu kawo nama. Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ya tambaye ni ko yanzu na karanta. Na ce na sauke shi a gaban mahaifina, daga bango zuwa bango. Fuskarsa ta washe. Ya ɗora agogon a kan katifa, ya ce to mun gode Allah, sai in gaya masa inda ya yi kuskure.

Na ɗauka gatse yake yi mini, ashe da gaske yake. Ya laluba jakarsa ya fito da nasa littafin da biro. Nan a gefen mota, ana ta hayaniyar a miƙo kaya, na faɗa masa abu biyu da muka gani ni da Malam. A cikin littafin ya rubuta cewa layya farilla ce a wurinmu, alhali a mazhabarmu sunna ce mai ƙarfi. Ya kuma ce duk malaman Musulunci sun haɗu a kan cewa ba laifi a ba wanda ba Musulmi ba naman layya, alhali akwai saɓani, wasu malamanmu na Malikiyya sun karhanta, wasu malamai kuma sun sauƙaƙa, musamman ga maƙwabci. Yana rubutawa a gefen shafi yana gyaɗa kai, har yana tambayata a wane babi zai duba. Ya ce wannan na biyun babban kuskure ne, da an sake buga littafin da shi da ya ji kunya. Ya yi mini godiya. Ni ya yi wa godiya, Edita. Ya ce abin da ya roƙe ni ke nan tun farko. Duk maganar ba ta fi tsawon shan shayi ba. Direba ya danna ham, ya hau gaba, suka tafi ina tsaye.

Na bar shirin rediyo tun daga lokacin. Ina nan ina koyarwa, kuma a ajina ba wanda yake kawo mini maganar wani marubuci, Musulmi ne ko Kirista, sai ya gaya mini abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. Har gobe aƙidata da ta Baba Rabaran ba ɗaya ba ce, kuma sauke littafinsa bai raba ni da tawa ba, abin da ya rage mini shi ne girman kai. Ina roƙon 'yan'uwana malamai da masu wa'azi, da duk mai yatsan da ke saurin tura saƙo a waya, mu ji tsoron Allah. Malaman wani addini ma suna jayayya a junansu kamar yadda namu suke yi, suna kawo maganar da ba tasu ba don su rushe ta. In za ka auna littafinsu ka sauke shi tukuna, in ba za ka iya ba ka kama bakinka, ba wanda zai tuhume ka don ka ce ban karanta ba. Neman gafara ba ya mayar da komai yadda yake, ni na gwada.

Bana ma matata ta ware cinyar. Ta soya ta sosai don kada ta lalace, muka zuba a gwangwani, na kai tasha na ba direba. Wuni guda take yi a mota kafin ta isa hannunsa, cinyar da a da tsallaka titi kawai ake yi a miƙa masa tun da ɗuminta.